Sabulun Hankaka da Fuskar Iya Dije

Ƙarfe bakwai da minti biyar na yamma, ranar wata Alhamis, bayan an cire gyaɗa. Mu biyar ne a gindin murhu: kakata Iya Dije, yayata Hadiza, ni, ƙanena Isiya, da Talatu 'yar maƙwabtanmu, wadda takan shigo ta ɓarakar danga da kwanon tuwonta a hannu. Na san lokacin daidai domin ni ake aika in dubo agogon bango a ɗakin Baba, kuma ban taɓa dawowa na ce "wajen ƙarfe bakwai" ba. Shekarata tara. Gidanmu yana unguwar Magajin Gari, can bakin gari, inda in ka tsaya bayan rumbu kana hango duhun daji.

Iya Dije mace ce mai tsari, kuma a wurinta na koyi nawa. Sai an ci tuwo, an wanke hannu, an kife kwanuka. Sannan a zauna bisa girma, babba a damanta. Sannan ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta ce kafin ta gasu tatsuniya ta ƙare, domin da an kira isha'i kowa zai tashi. Wanda ya katse ta sau biyu ya rasa rabonsa na gyaɗa. Isiya ya fi kowa asara.

Abin da na fi tunawa shi ne fuskarta a hasken wutar nan. Tana da tsaga uku a kowane kunci, da bille guda ƙarƙashin idon hagu, irin na gidansu, wanda wanzami ya yi mata tun tana jaririya. Idan wuta ta tashi sai tsagar ta yi zurfi, idan ta yi dariya sai ta lanƙwashe. Ita da ƙanwarta Iya Laraba, da ke aure a Damari, su kaɗai suka rage masu irin wannan tsaga. Mu da aka haife mu an riga an daina.

Ta gyara zama, ta ce, "Na ɗauko muku wata daga cikin daji."

Muka ce, "Sauke ta mu gani!"

Wai Hankaka ne ya zo kasuwar tsuntsaye da tallan sabulu. Ya hau kan kututture, ya turo ƙirji gaba, yana cewa, "Jama'a ku dubi nan! Fari tas, sumul, babu ɗigo ko ɗaya! Wanka guda na yi!" Tsuntsaye suka taru suna kallon ƙirjin. Zabuwa tana cikinsu. Ta dubi ƙirjin Hankaka, ta dubi ɗige-ɗigen jikinta, kunya ta kama ta. Sai ta miƙa geron da ta tsinto wa 'ya'yanta, ta karɓi sabulu.

Hadiza ta ce, "Iya, to ai bayansa baƙi ne ƙirin."

"Ke kin zagaya bayansa," in ji Iya. "Su babu wanda ya zagaya. Sau ɗaya ke nan, ki kula da gyaɗarki."

Zabuwa ta tafi rafi ta cuɗe jikinta, ɗige-ɗige suka bi ruwa, ta fito sumul kamar ƙwai. Ta koma inda ta ɓoye 'ya'yanta cikin ciyawa, ta yi kira. Shiru. Ta sake kira. Can sai autan ya leƙo da ido ɗaya ya ce, "Murya dai ta uwarmu ce, amma jikin ba nata ba ne. Uwarmu mai ɗige-ɗige ce." Suka ƙara nutsewa cikin ciyawa. Ta koma neman Hankaka, aka ce ai ya wuce kasuwar gaba. Da ta ga babu dabara, ta sa baki ta fige gashinta kaf, ta zauna nesa tana gadin 'ya'yanta, sauro na cizo, ruwa na duka, har sabon gashi ya tsiro da ɗige-ɗigensa. Ranar nan suka fito da gudu suka shige ƙarƙashin fukafukanta. Gashin kai ne kawai bai sake tsirowa ba, domin nan ta fi cuɗawa. Shi ya sa zabuwa take da sanƙo har yau.

Iya ta zame kallabinta baya, ta miƙa wuya, tana kwaikwayon tafiyar figaggiyar zabuwa daga zaune. Talatu ta yi dariya har ta kifar da kwanonta. Da muka lafa, Iya ta dube ni. Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, ranar da na wanke tawa fuskar, za ka gane ni?"

Na ce, "Ko a duhu zan gane ki."

Ta ce, "Za mu gani. Na sauke ta, kowa ya ɗauki rabonsa." Ta tono gyaɗa daga toka, aka kira salla.

Shekara ashirin da ɗaya suka wuce. Na zama kafinta, na yi aure, Iya Dije tana ɗakinta a gidana. Iya Laraba kuwa ta bar Damari lokacin da zaman can ya gagara, ta koma wurin ɗanta a Kaduna. Ga tsufa, ga halin hanya, shekara bakwai ba su sa juna a ido ba. Suna gaisawa ta waya, amma kullum ƙarshen maganar Iya Laraba ɗaya ne, sai ta sa a miƙo mini wayar ta ce: "Sale, a nuna mini fuskar Yaya kafin ɗayanmu ta tafi." Wayata a lokacin mai maɓalli ce, hotonta kamar an ɗauka ta cikin hayaƙi.

A shagon mai aski na ga tallan wata waya, a talabijin. Wata mata ce take juyi a cikin lambu, ana ganin kowane dutsen da ke wuyanta, sannan aka nuno wayar da ta ɗauke ta, mai ido uku a baya. Shago ya kaure. Mai aski ya ce wannan ko kwarkwata ce a kai sai ta tona mata asiri. Wani Bafulatani da ke jiran layi ya ce in za ta nuna masa kaska a kunnen saniya daga nan zuwa Kakangi, a kawo masa biyu. Wani dattijo a lungu ya ce, "Ku dai yara ne. Matar ce mai kyau, ba wayar ba." Ni ba na son surutu a wurin aski. Amma kafin a gama mini na yanke shawara. Na ba da saƙo wurin wani direba, mako na zagayowa aka kawo mini ita.

Ranar Juma'a, ƙarfe huɗu da rabi, na zaunar da Iya a kan kujerar da na ƙera mata, ta ɗaura sabon kallabi, ta yi wa ƙanwarta gaisuwa ta minti uku, ina ɗaukar ta a bidiyo. Na duba sama-sama. Haske tar, launi tas, daidai da abin da na gani a shagon aski. Daɗi ya rufe mini ido. A sana'ata ba na miƙa wa mutum ƙofa sai na gwada ta a gurbinta na ga ta zauna. Ran nan na tsallake wannan mataki: ban nuna wa mai fuskar ba. Na hau tudun bayan makaranta inda sabis ke kamawa, na tura wa ɗan Iya Laraba, na dawo gida ina jin kaina.

Washegari da safe saƙon murya ya shigo. Iya Laraba ce, tana kuka.

"Sale, ka ji tsoron Allah. Muryar Yaya ce, na ji. Amma fuskar nan ta wace ce? Ina tsagar gidanmu? Ina billen? In ta rasu ne ku faɗa mini, na iya haƙuri. Kada ku ɗora muryarta a kan wata ku turo mini."

Ɗanta ya ƙara da cewa ko kokon safe ta ƙi sha, ta ce sai an faɗa mata gaskiya. Ya kira mu don ta ji Iya da kunnenta, ta ce ai muryar ba ita ce matsalar ba.

Sai a lokacin na zauna na kalli abin da kyau. Gaskiyarta. Wayar ta haska fatar Iya, ta goge tamoji, ta shafe tsagar nan shida har sai ka ƙura ido za ka ga alamarsu. Billen kuwa babu shi. Wata mata ce mai kyau, 'yar shekara arba'in, wadda ban taɓa gani ba.

Na kai wa Iya. Ta riƙe wayar nesa da idonta, ta karkata kai, ta ce, "Wace yarinya ce wannan ta ɗaura kallabina?"

Na ce, "Ke ce, Iya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Maigida! Ashe sabulun Hankaka ka sayo mini! Kai da ka ce ko a duhu za ka gane ni, ga shi da rana tsaka an canza maka mata ba ka sani ba." Sannan ta share hawayen dariya, ta ce, "Tashi ka gyara. Kada Laraba ta kwana da wannan a ranta."

Na aika aka kira Yaya Hadiza, da yake aurenta a unguwarmu yake, kuma ta fi ni sanin waya. Ta danna nan, ta danna can, ta nuna mini wani abu mai gyara fuska, a kunne. Ta ce, "Haka ta zo daga kamfani. Su a ganinsu alheri suka yi maka. Kai kuma ba ka zagaya bayansa ba." Ta kashe shi.

Iya ta ƙi kujera, ta ƙi sabon kallabi. Ta ce a gindin murhu za a yi, inda Laraba ta san ta. Ƙarfe shida saura kwata muka fara, da sauran hasken rana, wuta tana gefenta. Ta matso da fuska dab da wayar, ta ɗora yatsa a kan tsagar tana ƙirgawa. "Laraba, ɗaya. Biyu. Uku. Juyo nan, ga sauran ukun. Ga billen da kika ce ya fi naki karkata. Ban mutu ba, maigidana ne ya kai ni wanka." Daga nan ta ba ta tatsuniyar Zabuwa tun daga farko, har da tafiyar. Wannan karon na nuna mata kafin kowa. Ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Yauwa. Ga tsohuwa. Tura."

Ina kan tudun amsa ta dawo. Guɗa ce ta fara fitowa, har na janye wayar daga kunne. "Ita ce! Wallahi ita ce! Kai, Yaya ta tsufa! Alhamdu lillahi, ta tsufa! Ku tambaye ta ina ta kai haƙorinta na gaba. Kai kuma Sale, Allah ya shirye ka." A bayanta ina jin ɗanta yana cewa a zubo mata tuwo, ta ce a ƙara miya.

Damina biyu bayan haka Iya Dije ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Na goge bidiyo na farkon tun ran nan. Na biyun yana nan. Ba shi da kyan talla: hayaƙi yana gilmawa, akuya tana kuka a baya, hoton yana rawa domin ina dariya. 'Ya'yana sukan tsayar da shi su ɗora yatsa a kan gilashin su ƙirga, ɗaya, biyu, uku.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce kawai a kan masu talla. Yanzu ban tsaya nan ba. Wayar ba ta cuce ni ba, ita ce ma ta haɗa 'yan'uwa biyu. Mai talla kuma aikinsa ke nan, ya turo ƙirji. Laifin nawa ne da na ga sumul na ɗauka shi ne kyau, alhali abin da Iya Laraba ta yi shekara bakwai tana marmarin gani shi ne daidai abin da aka goge.

Saboda haka ina roƙon mai karatu. In kana da tsoho ko tsohuwa a gida, ka ɗauke su a cikin makon nan, kada ka jira. Kafin ka danna, ka nemi abin nan mai gyara fuska ka kashe shi. In ka gama, ka nuna musu kafin ka nuna wa kowa. Sai sun ce su ne, sannan ka tura.