Jiran da ake yi mini a gindin ɓaure

Shekarun baya, tun ana kiran Suleja da Abuja, aka turo ni koyarwa garin. Ban san kowa ba sai abokina ɗan garin Gawu da muke haya gida ɗaya. Ganin zaman ɗaki na neman kashe ni, ya fara jana ran Asabar zuwa kogin Gurara, inda yake kamun kifi da 'yan'uwansa, kowa da ɗan kwale-kwalensa. Aka ara mini wani tsohon jirgi.

Su a ruwa suka tashi. Ni kuwa hannun alli gare ni. In na tsoma filafili, jirgin sai ya juya kamar zai koma gida. Kafin in daidaita shi sun sha kwana, sai dariyarsu nake jiyowa daga nesa, ban san abin da ake wa dariyar ba.

Ba su taɓa yar da ni ba, wannan kam gaskiya ne. Akwai wani ɓaure a gaɓa inda suke tsayawa su gasa doya, su yi hira. Amma da zarar hancin jirgina ya ɓullo, sai babbansu ya miƙe ya ce, "To, Malam ya iso. Mu je." Su sun huta, ni ko numfashi ban mayar ba. A miƙo mini rabona a ganye, in ci ni kaɗai a tsakiyar ruwa.

Na taɓa yi wa abokina ƙorafi. Ya ce, "Haba Malam, ba kullum muke jiranka ba?"

Da aka yi mini canjin wurin aiki, abokina yana Gawu wajen girbi. Na ƙudurta zan yi musu sallama a gindin ɓauren. Na yi tuƙi har tafina ya saɓule. Ina isa, babbansu ya miƙe. Na buɗe baki, haki ya hana ni magana, suka tura jiragensu. A makon na bar garin.

Bayan shekaru na haɗu da abokina a tashar Sabon Wuse. Ya riƙe hannuna ya ce, "Asabar ɗin da ta biyo bayan tafiyarka, a gaɓa muka zauna har azahar. Babu wanda ya taɓa filafili. Doyarka ta huce."

Har yau abin yana sosa mini rai. Jira mafi tsawo da suka yi mini, ba na nan.