Ranar da Ban Miƙe Ba

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Lahadi, sha huɗu ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokin zamana a majalisa, wakilin mazaɓar da ke maƙwabtaka da tawa, wanda duk zaure ke kira Malam Tambaya, ni kuma nake kira Yaya. Ya rasu a gidansa na mazaɓa bayan zazzaɓin kwana uku da ko iyalinsa ba su ɗauke shi da zafi ba. Ina cikin mota aka bugo mini waya. Na ce direba ya tsaya, ya gangara gefen titi ya tsaya, muka fi rabin sa'a a wurin, ban ce masa mu je ba, ban ce masa mu koma ba.

Yaya, jaridu sun yi nasu, sun jera shekarunka da kwamitocin da ka zauna. Ni ba wannan ya kawo ni ba. Shekara tara kujerata tana manne da taka, kuma akwai magana tsakanina da kai da ban samu faɗa maka ba kana raye.

Ranar da na fara tashi yin magana a zaure, sabuwa fil, na yi minti guda cur ina zuba bayani ban kunna makirufo ba. Zaure ya ɗauki dariya, har da masu buga tebur. Kai ne ka miƙo hannu ka danna maɓallin, ka ce a hankali, "Ƙanwata, wancan gwaji ne. Yanzu faɗa musu." Ba jam'iyyarmu ɗaya ba, ba ka san ni ba, ba kuma abin da za ka samu a wurina. Da aka tashi ka zaunar da ni a kan matakalar fita ka ce idan zan kawo kukan jama'a in fara da mutum ɗaya, in faɗi inda yake da abin da ya same shi, sannan in kawo adadi, don adadi ba ya hana ɗan majalisa gyangyaɗi. Har yau da wannan nake aiki.

Kafin siyasa shekara ashirin ka yi kana malamin asibiti a ƙauye, kuma ba ka taɓa daina zama shi ba. Ofishinka shi ne na ƙarshen baranda, kusa da ɗakin janareta, wanda kowa ya ƙi karɓa saboda ƙara. Benci biyu ne a ƙofarsa, kullum cike. Mu namu baƙin takardun neman aiki suke kawowa, kai naka har da takardun magani, ka sa tabarau ka karanta, ka ce wa wannan ya daina haɗa wancan da wancan, ka ce wa wata ta koma a sake auna ta. Na sha tsokanarka cewa ka buɗe asibiti a harabar majalisa ba lasisi.

Sunan Malam Tambaya kuwa ministoci ne suka fi sanin ɗacinsa. Ba ka tayar da maganar da ba ka je ka gani da idonka ba. Na tuna ranar da ka ɓoye kwalba a babbar rigarka, ka shigo da ruwan rijiyar wani ƙauye, ja kamar an dama ƙasa, ka dangwara shi a kan tebur ka roƙi ministan ruwa, cikin ladabi, ya kurɓa ko sau ɗaya tunda rahotonsa ya ce ƙauyen ya wadata da ruwan sha. Kakakin majalisa ya buga guduma ya ce ka saɓa doka, aka zo aka ɗauke kwalbar. Shekara biyu aka yi ana jan ƙafa, amma daga ƙarshe an haƙa wa ƙauyen sababbin rijiyoyi.

Ba mazaɓarka kaɗai ka sa a gaba ba. Duk dokar da aka kawo, ko shafi ɗari biyu ce, sai ka bi ta layi-layi da jan biro, a ɗakin karatun majalisa inda sau tari daga kai sai ma'aikacin wurin. A can ka tono wani sashe da aka binne a cikin dokar irin shuka, wanda da ya wuce, da manomin da ya sayar wa maƙwabcinsa irin da ya ajiye ya zama mai laifi a duk faɗin ƙasa. An cire sashen. Waɗanda suka yi jawabi a rediyo suna cewa su suka ceci manoma, rabinsu ba su san lambar shafin ba.

Abin da jaridu ba su rubuta ba shi ne kaɗaicinka. Jam'iyyarka ta ƙanƙance har ta zama kai kaɗai ne wakilinta. A ɗakin cin abinci ana gaishe ka a tsaye, ba a zama, don kada a kai rahoto sama cewa an ga wane da Malam Tambaya. Kana cin abincinka kana karanta jadawalin zaman gobe. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, ni ce ma nake jin haushin a madadinka.

Ga wanda bai san aikinmu ba, bari in bayyana abu ɗaya, don a kansa duk maganata take. A zaure, idan wakili ya gabatar da ƙuduri, sai wani wakilin ya miƙe ya ce ya mara masa baya kafin a fara muhawara. Idan ba wanda ya miƙe, ƙudurin ya faɗi ke nan, ba a ko tattauna shi. Mai babbar jam'iyya ba ya ko waiwaye, ya san akwai goma a bayansa. Kai kuwa mutum ɗaya gare ka, ni ce. Ba mu taɓa zama mun yi yarjejeniya ba. Kana rufe baki nake miƙewa, shekara tara, har Kakaki ya saba, kafin ya gama tambaya idonsa yana kaina.

Ƙudurinka na ƙarshe a kan saran maciji ne. Ka ce da damina manoma suna mutuwa a hanyar zuwa babban asibiti, ana goye da su a kan babur, saboda ƙananan asibitocin karkara ba su da maganin dafi, ba su kuma da firijin ajiye shi. Ka nemi a tilasta wa ma'aikatar lafiya ta ajiye maganin a kowane ƙaramin asibiti na yankunan noma, a ƙasa baki ɗaya, kafin ruwa ya zauna. Wata huɗu ka yi kana yawo kana tattara bayani. Ka nuna mini takardar, har na gyara maka kalma biyu.

Da safiyar ranar, Talatar farko ta watan Yuni, mai tsawatarwa na jam'iyyarmu ya tara mu. Ya ce ƙudurin tozarci ne ga ministanmu na lafiya, kada wanda ya kuskura ya motsa. Da za mu fita ya tsayar da ni, ya tambaye ni cikin fara'a yadda aikin ɗakin haihuwar mazaɓata yake tafiya, wanda na yi shekara shida ina bi, kuma sa hannun ministan nan kaɗai ya rage masa. Na gane saƙon, ban nemi ƙarin bayani ba.

Ka tashi ka yi maganarka. Ka fara da wata mata da maciji ya sara tana cirar ciyawa, ta cika saura kilomita huɗu a isa asibiti, ta bar 'ya'ya biyar. Ka gama, ka tsaya. Kakaki ya ce, "Akwai mai mara baya?" Ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina jujjuya takardun da ba karanta su nake yi ba. Ya sake tambaya. Ina jin numfashinka a gefena, ina ganin hannunka a kan tebur. Ya tambaya karo na uku, abin da ba ya yi wa kowa, sannan ya buga guduma. Ba ka waiwayo ka dube ni ba. Ka zauna, ka ninke takardarka, ka sa a aljihu.

Na yi ta gaya wa kaina cewa mata masu naƙuda ma rayuka ne, kuma gaskiya ne. Amma ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba, Yaya. Tsoro ne ya zaunar da ni. Ko gargaɗi ban yi maka ba da safe, da ka nemi wani ko ka ɗage ranar.

Washegari ka gaishe ni kamar kullum, har ka miƙo mini wata tambaya da na shirya wa ministan ilimi, ka yi mata gyara da jan bironka. Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Mako biyar muka ƙara yi a kujerun nan. Na koma zuwa a makare, ina fita kafin a tashi, kullum ina cewa gobe zan same ka a ofis. Sau biyu na kama hanyar barandar, ina hango bencinka na juya.

Da na je gidanka gaisuwa, na jira har mata suka ragu, na matsa kusa da Hajiya, mai ɗakinka. Na ce, "Hajiya, don Allah, ya taɓa yi miki maganata a 'yan kwanakin nan?"

Ta ce, "Bai ce komai ba, 'yar uwa. Ranar dai da ya dawo bai ci abinci ba."

Na ce ta yafe mini a madadinka. Ta kama hannuna ta ce, "Shi na san bai riƙe ki ba, ba ya riƙe mutum. Amma ai ba don kansa ya tashi ba. Ni a madadin wa zan yafe?"

Makon jiya majalisa ta yi zaman ban kwana da kai. An ɗora furanni a kujerarka. Wakilai arba'in da ɗaya suka yi jawabi, na ƙirga su. An kira ka gwarzo, an kira ka muryar talaka. Wani ya kawo ƙudurin a sa wa ɗakin karatu sunanka, ka ga mutane suna rige-rigen miƙewa su mara baya, har Kakaki ya rasa wanda zai zaɓa. Mai tsawatarwarmu ma ya share hawaye, kuma ban ce na ƙarya ba ne, Allah ne Ya san zuciya. Ni ban yi magana ba. Raina ya ɓaci da su ƙwarai, sai na tuna su ba ka taɓa sa rai da su ba.

Daga zauren na wuce ofishin akawun majalisa na ce ina so in sake shigar da ƙudurinka da sunana. Dattijo ne mai son ka. Ya buɗe littafin dokokin zama ya nuna mini abin da na riga na sani nake fatan na manta: ƙudurin da ya faɗi ba ya dawowa sai sabuwar shekarar majalisa, wata biyar nan gaba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, da ina da hanya da na bi." Wato damina za ta wuce, a yi noma, a yi girbi, duk cikin ciyawa, maganin yana inda yake.

Na shigar da shi duk da haka, shi ne na farko a jerin sabuwar shekara. Jam'iyya ta aiko mini cewa in sake tunani idan ina son takara ta gaba, takardar ɗakin haihuwar kuma har yau tana kan teburin minista. Yanzu ni nake bin ofisoshi ina neman wanda zai miƙe mini. Ƙofa goma sha ɗaya na ƙwanƙwasa cikin waɗanda suka yi maka jawabi. Duk sun ba ni kujera, sun yaba halinka, sun ce za su duba. Sai yanzu na san abin da ka yi shekaru kana haɗiya, kuma ba wanda zan koma wurinsa in ba shi labari idan na fito.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da 'ya'yanka shida, da ƙannenka, da jikokinka. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a inda yake tsaya muku. Ina yi wa mutanen mazaɓarka ta'aziyya, waɗanda har yanzu wasunsu ke zuwa ƙarshen barandar nan su tarar da ƙofa a kulle.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa duk tsayuwar da ka yi kai kaɗai ta zama hujja a gare ka ranar da kowa zai tsaya shi kaɗai. Ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma idan tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani.

Ya Allah, Ka tsare manoman da ke cikin gona a wannan damina. Wanda kuma kwanansa ya ƙare a kan hanyar asibiti, Ka ji ƙansa, Ka ba iyalinsa dangana. Ni ce na zauna, Ka gani. Ka yafe mini.