Na Zaɓa wa Taubashina Makarantar Nutso ta Kwana Uku

Edita, assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya faru, ni dillalin injinan ban ruwa ne, haifaffen Gwandu, mai shago a bakin titin Kalgo. Da tallan tiyo da fulogi na fara a bayan babur, ina bin kasuwannin ƙauye daga Maruda zuwa Malisa, har Allah Ya buɗa mini na kama shago mai ƙofa biyu. Ina da ƙa'ida ɗaya da manoman fadama suka san ni da ita: ba na sayen inji sai an tayar da shi a gabana, na saurari kukansa, na ga ƙarfin ruwan da yake fitarwa. Na kuma yarda cewa duk abin da aka ce sai wata guda, in mutum ya iya magana za a yi masa a mako guda. Wannan hali ya ciyar da ni da iyalina, kuma shi ne ya kusa kashe mutumin da na fi so a duk dangina.

Mutumin taubashina ne, ɗan kawuna, ya girme ni da shekara biyu. Mahaifiyata 'yar masunta ce daga bakin gulbi, aka kai ta aure tudu, don haka ni na tashi cikin buhunan gero, shi ya tashi cikin kwalekwale. Tun muna yara yake kirana ɗan tudu, yana cewa ko a bokiti aka sa ni sai an nemo masu ceto. Ni kuma ina kiransa sarkin kwaɗi. Bai taɓa shiga shagona bai ce ƙura ta shaƙe shi ba, ni kuma ban taɓa fasa cewa a buɗe ƙofa ta biyu ƙarnin kifi ya fita ba. Haka muka girma, haka muka fara furfura. Amma in gaɓar gulbi ta zabtare da injin wani manomi, wurina ake zuwa, ni kuma shi nake kira. Sai ya tuɓe riga ya ninke ta, ya yi bisimilla, ya cika ƙirjinsa da iska, ya riƙe igiya ya ɓace. Sai mutanen da ke gaɓa sun fara salati sannan a ga igiyar ta motsa. A jawo inji, ni in gyara, shi ya zauna yana tsane jiki yana tambayata ko na jiƙa ƙafata yau.

Wata rana wani ɗan kwangila mai aikin gyaran bututun jan ruwa a madatsun ruwa ya zo sayen kaya. Hira ta kawo mu kan taubashina, sai ya ce kullum suna neman masu nutso, amma ba sa ɗaukar kowa sai mai takardar shaidar koyon nutso da tukunyar iska, irin wadda ake goyawa a baya ana shaƙa ta cikin tiyo. Nan take kaina ya fara aiki. Kifi yana raguwa a gulbi, taubashina yana da iyali masu yawa, kuma na so in ga ya huta da zaman jiran abin da komarsa ta kamun kifi za ta kamo. Wannan gaskiya ne. Ɗaya gaskiyar kuma ita ce na so a ce ni ne na kawo mai nutso a aikin, sunana ya shiga inda bai taɓa shiga ba.

Na shiga bincike a waya, na samu makarantu biyu a Legas. A ta farko wani dattijo ya ɗauka. Maimakon ya yi mini tallan makarantarsa, sai ya tsare ni da tambayoyi: shekarun mutumin nawa, yana shan taba, ya taɓa ciwon ƙirji ko na kunne, wane yare yake ji. Ya ce sai likita ya duba shi tukuna, sannan a yi kwanaki ana karatu a aji, sannan a shiga tafkin wanka na siminti inda ruwa bai wuce ƙirji ba, sai bayan nan a je teku. Ya ce tunda Hausa kawai mutumin yake ji, mu jira har ya samo wani tsohon ɗalibinsa Bahaushe ya tsaya tare da shi. Na ce masa ranka ya daɗe, wannan mutumin ya shekara talatin yana nutso. Ya ce ai irinsu ne suka fi ba shi tsoro. Ni kuwa na ɗauka dabara ce ta jan kwanaki, irin wadda na san 'yan kasuwa da ita. A ta biyu wani mai zaƙin baki ya ɗauka, kowace magana sai ya ce Alhaji. Ya ce kwana uku sun isa, wanda ya iya ruwa ba ya buƙatar tafki, kai tsaye teku. Ya turo mini hoton takardar shaidar da hatimi mai ruwan zinariya. Ni da ban taɓa sayen inji a hoto ba, na sayi makaranta a hoto.

Bayan la'asar muna zaune a bencin ƙofar shago na zayyana masa duka biyun. Ya juya kofin shayinsa, sannan ya ce shi dai ta dattijon ta fi kwanta masa. Ya ce gulbi ya sani, amma ƙarfe a baya bai sani ba, kuma ko sabuwar koma ya saƙa, a bakin gaɓa yake fara gwada ta. Da na saurare shi, da wasiƙar nan ba ta zo muku ba. Sai na fashe da dariya, na kira mai faci da mai shayi su zo su ji, wai sarkin kwaɗi yana so a sa shi a bahon wankan jarirai. Na ce zan saya masa soso da sabulu, in ya ga dama har da hoda. Kowa ya yi dariya. Ku da kuka san wasan taubasai kun san ba a fushi a cikinsa, kuma ba a ja da baya a gaban mutane. Shi ma ya yi dariya, ya ce to ɗan tudu ya je ya nemo mota. Amma shayinsa bai ƙarasa ba, kuma na gani.

A Legas muka tarar da ɗalibai cike da jirgin ruwa, malami guda ɗaya. Ya yi bayani da Turanci, a tsaye, da sauri, wayarsa a hannu. Ni ne tafinta. Na fassara cewa wannan ce tukunya, wannan ake sawa a baki, wannan agogon yana nuna sauran iska. Daga nan malamin ya faɗi wata magana har sau biyu, kuma na ji ta sarai. Ya ce kada kowa ya riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, musamman wajen hawowa, a riƙa shaƙa ana fitarwa, a hau a hankali. Taubashina ya taɓa ni da gwiwar hannu ya tambaye ni me aka ce. Na ga kamar raini ne in gaya wa mutumin da duk Kalgo ke ba da labarin ƙirjinsa yadda ake numfashi. Sai na ce masa 'yan birni ake koya wa shan iska, shi bai shafe shi ba. Duk abin da na taɓa faɗi a rayuwata, babu wanda nake so in janye kamar wannan.

Rana ta biyu aka sauka da su ƙasa sosai. Ni ina cikin jirgi, na rungume ƙarfe, cikina yana juyawa. Daga baya taubashina ya ba ni labarin abin da ya faru. Wani ɗalibi da ke gabansa ya harba ƙafa, takalmin robar nan mai faɗi ya fizge abin shaƙar daga bakinsa, ruwa ya cika gilashin fuskarsa. Ba a taɓa nuna masa yadda ake lalubo tiyon a mayar ba. Sai jikinsa ya yi abin da ya shekara talatin yana yi: ya rufe baki a kan iskar da ke ƙirjinsa, ya tunkuɗo sama da ƙarfi. Da ya ɓullo, fuskarsa ta yi fari fat, yana tari, kumfa mai jini tana fita, hannunsa dafe da haƙarƙari. Babu iskar asibiti a jirgin, malamin kuwa yana can ƙasa da sauran. Matuƙin ne ya taimaka muka jawo shi. Na ɗora kansa a cinyata ina kiran sunan Allah, sai na ga leɓensa na motsi. Na kai kunne ina tsammanin wasiyya ce. Ashe cewa yake in juya fuskata gefe, kada ɗan tudu ya yi masa amai a ka.

A asibiti likita ya ce huhu ɗaya ya huje, suka sa masa tiyo ta tsakanin haƙarƙari. Ya yi mini bayani cewa iskar da ake shaƙa daga tukunya a ƙasan ruwa a matse take, in mutum yana hawowa sai ta riƙa kumbura, in bai ba ta hanya ba sai ta nema wa kanta. Babu wanda ya kai ni fahimtar wannan magana. Sau nawa na gargaɗi manomi kada ya toshe bakin tiyo inji yana aiki? Likitan ya tambaya ko babu wanda ya gaya wa taubashina haka. Na ce an faɗa, ni ne ban isar ba. Da taubashina ya fara samun ƙarfi, na zauna a bakin gadonsa na gaya masa komai, ban rage ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce dama ya yi zargi, don mutumin ya yi dogon bayani, fassarata kuma ta zo gajera, kuma tun muna yara ya san mudun Gwandu ba ya cika. Ya ce ya yafe, amma akwai hukunci, sai mun koma gida. Muna cikin wannan hali wayata ta yi ƙara. Makarantar ce ta turo takardar shaidarsa, da hatiminta mai ruwan zinariya, wai ya kammala.

Likita ya hana shi tukunyar iska har abada, ya kuma hana shi dogon nutson da aka san shi da shi. Ya koma jefa koma daga kwalekwale. Yanzu in inji ya faɗa gulbi, a gaɓa yake tsayawa da dogon gora da ƙugiya yana nuna inda za a laluba, kuma ina ganin yadda yake kallon ruwan. Matarsa ta daɗe tana amsa gaisuwata a taƙaice, kuma ban ga laifinta ba. Na sake kiran dattijon nan na ba shi labari. Bai ce ai na gaya maka ba. Cewa ya yi a cikin tafkin da na raina, da gangan suke cire wa ɗalibi abin shaƙa, su cika masa gilashi da ruwa, sau da yawa, a inda zai iya miƙewa tsaye in ya tsorata, har sai jikinsa ya saki tsohuwar al'ada ya kama sabuwa.

Hukuncin kuwa shi ne in koyi iyo, kuma shi ne malami. Duk safiyar Asabar nake rufe shago in je bakin gulbi. Makonni na yi a ruwa iya gwiwa, ina tsoma fuska ina hura kumfa, manoman da nake sayar wa inji suna tsaye suna ba da shawara. Shi yana zaune a kan kwalekwale yana cewa in sake, bai gamsu ba. In na tambaye shi yaushe za mu matsa ciki, sai ya ce in sauri nake yi akwai wata makaranta a Legas, kwana uku, ya ji an ce har hatimi gare ta. Rani biyu ke nan, ruwa ya kai mini ƙirji. Ban taɓa ganin ya ɗauke idonsa daga kaina ba ko sau ɗaya ina ciki.

Abin da na koya shi ne, iya ciniki ba ya aiki a inda jiki ne zai koyi abu, kuma gwanin wani ruwa sabon shiga ne a wani. Duk mai neman makarantar nutso, don kansa ko don wani nasa, ya tambaya ko suna neman takardar likita, ko suna farawa a ruwa mara zurfi, ɗalibai nawa malami ɗaya yake sauka da su, ko akwai iskar asibiti a jirginsu, kuma da wane yare za a koyar. Wadda ta fi damun ka da tambayoyi, ita ce mai son ka dawo gida. In kuma aka sa ka tafinta, ka isar da magana duka, har wadda kake ganin ba ta da amfani. Sannan in ɗan'uwanka ya ce yana so a bi a hankali, kada ka mayar da shi abin dariya a gaban jama'a, ko da taubashinka ne. Nawa ya san abin da yake faɗi tun a bencin ƙofar shago. Asabar mai zuwa ma zan je, ya ce har yanzu ban iya fitar da numfashi yadda ya kamata ba.