Dakta Imrana, Mai Sauraren Gudun Jini a Ka

Na Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata 14 ga Janairu, 2025, ina runfar albasata a Aliero aka sanar da ni rasuwar Dakta Imrana Lawali na Jega, bayan gajeriyar jinya.

Dakta, ni ban wuce sakandare ba, amma daga dakon buhu na kai ga lodin tireloli, kuma ba na karɓar abin da ban gani da idona ba. Da ɓarin jikin matata Iyatu na dama ya shanye, maganarta ta ɗauke, dangi daga Maiyama suka ce iska ce. Kai ka ce jini ne ya toshe a ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu, inda magana take. Na ce ciwo a dama, laifi a hagu? Sai an gwada a kaina tukuna.

Ka yi dariya, ka manna min na'urarka a gaban kunnuwa biyu. Na ji jinina yana fuu, fuu. Ka ce in jera sunayen garuruwa a zuci, sai gudun jinin hagu ya ƙaru. Ka ce in hango hanyar Kashin Zama da kwanoninta, sai na dama ya ɗaga. "Alhaji Maiwada," ka ce, "kan naka ma ciniki shika yi, kowane ɓari da runfatai." Har yau ina mamakin yadda tunanin da ban furta ba ya fito a allon na'urar.

Da ka gwada Iyatu, ka ce ta kira sunayen 'ya'yanta a zuci. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce ɓarin ƙwaƙwalwarta na dama yana ƙoƙarin ɗaukar aikin na hagu. Ba ka yi alkawarin za ta warke ba. Ka dai ce a riƙa yi mata hira, a bar amsawa a madadinta. Tambayoyi na tara maka. Shin addu'a wane ɓari take bi? Mafarki fa?

Ranar Talatar nan da na koma gida na gaya wa Iyatu ka rasu, ta daɗe tana motsa baki. Na yi shiru, kamar yadda ka koya min. Sai ta ce, "Allah… jiƙan… Dakta."

Amin, Iyatu. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe kurakuranka, Ya ba matarka Hajiya Fa'iza da yara haƙurin rashinka.