Motar da Ba Ta da Kontak

A Tudun Wada, zamanin da kuɗin mai ya shigo, soja na mulki, in mota ta ƙi tashi ni ake nema. Ba yabon kai ba, a gyaran kontak ba ni da na biyu. Kontak wasu 'yan ƙarafa ne biyu cikin distirbuta mai raba wutar inji, suna buɗewa suna rufewa, su ke sa koyil ya aika wa fulogi wuta. Da ɓallin kwalin ashana nake auna tazararsu, kuma hannuna ba ya kuskure.

Wata rana da hantsi aka turo mota sabuwa fil garejina. Mai ita malamar makaranta ce, 'yar Filato. Jama'a suka taru kallo, ni kuwa na naɗe hannun riga ina taƙama. Na cire murfin distirbuta, sai na ga wayam, ba kontak!

"Malama," na ce da ƙarfi, "wagga mota taki an yi mata sata. An hidda kontak!"

"Malam, da ita fa na je Wamakko jiya," in ji ta. "Yanzu ta mutu a bakin kasuwa."

Wani ya kwashe da dariya. Gumi ya karyo mini, don in motar nan ta bar garejina da turi, sunana ya gama zubewa a Sakkwato.

Sai ta ɗauko littafin motar, tana karantawa tana fassara mini. Ashe haka aka ƙera ta! Wani ɗan faifai mai haƙora ne ke juyawa kusa da maganaɗisu. Duk haƙorin da ya gifta, sai saƙo ya tafi wani ƙaramin baƙin akwati, akwatin ya yanke wutar koyil, koyil ya harba wa fulogi tartsatsi. Babu ƙarfen da ke gogar wani, balle ya cinye.

Na bi wayar akwatin da yatsa, na tarar ta kwance. Na ɗaure ta tamau, na ce malama ta murza makulli. Bugu ɗaya mota ta ɗauka! Wallahi tsalle na yi, da gemuna da komai, ina tafi, har mai dariyar nan ya taya ni.

Ta tambayi abin da za ta ba ni.

"Ba ni son komi," na ce. "Ki koya mani karatun wanga littahi."

Ran Asabar muka fara, daga baƙi da wasali, a kan bencin gareji. Ɓallin kwalin ashanar nan kuwa, shi na riƙa sawa a shafin da muka tsaya.