Ranar da Aka Ce Kwamfutata Gawa Ce

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman Abuja, yawancinsu sun shige, amma makon da na je sayen monita ba zan taɓa mantawa da shi ba. Shekaru sun wuce, har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Ni tela ne a Kubwa, sana'ata surfanin inji, wanda mutane ke kira aikin kwamfuta. Duk zanen wuyan riga da na aljihu da na tara tun da na fara, suna cikin wata tsohuwar laftof baƙa mai nauyi. Ita kaɗai injina ya sani, domin manhajar da ke tura masa zane tsohuwa ce, ba ta hawa sababbin kwamfutoci. In babu ita, injin nan ƙarfe ne kawai a ajiye.

A lokacin wani Alhaji da ya daɗe yana kawo mini aiki ya kawo shaddodin bikin ɗansa: babbar rigar ango, da kaftanin abokansa goma. Saura kwana takwas ɗaurin aure. Ranar Litinin da safe na jawo bandir ɗin shadda daga kan tebur, ya sarƙe wayar caji, kwamfutar ta biyo shi ƙasa. Da na ɗaga ta, gilashin ya tsage, baƙi ya malale a ciki kamar an zubar da tawada. Tana kunnuwa, ina jin motsin fankarta, amma ba na ganin komai. Maƙwabcina mai kemis ya ce in kwantar da hankalina, in sayi monita, wato allon kwamfuta na daban, in jona, aiki zai ci gaba.

Na hau bas zuwa cikin gari, wani rukunin shaguna da ake sayar da kayan kwamfuta. Ban tafi da laftof ɗin ba. Na ce wa kaina nauyi ne da matsin mota, amma gaskiyar magana kunya nake ji, don duk gefenta a naɗe yake da salatif. Na wuce shago ya fi biyar ana kirana da Turanci, sai na ji wani yana waya da Hausa irin ta garinmu. Nan na tsaya. Mutum ne mai fara'a, da hularsa a kafe, ya ba ni kujera har da ruwan sanyi.

"Alhaji, kwamfutar tawa fa tsohuwa ce sosai," na ce masa. "Ina son monitar da za ta karɓa."

"Haba ɗan'uwa, ai ka zo gida," in ji shi. Ya sauko da wata faffaɗa, siririya, tana ƙyalli. "Wannan babu kwamfutar da ba ta ɗauka. Ka jona kawai. In ta ƙi, ka dawo mini da ita."

Ban tambaye shi komai ba bayan wannan. Na biya, na rungumo kwali har Kubwa ina jin daɗi.

A shagona na fito da wayar monitar, na zagaye laftof ɗin gaba da baya, babu ramin da za ta shiga. Bakin wayar siriri ne shafaffe. Ramin kwamfutata kuwa shuɗi ne mai faɗi, da ƙananan huji goma sha biyar. Daga baya na san sunan nawa VGA, na monitar HDMI. A ranar ban san ko ɗaya ba. Na kira wanda ya sayar mini, ya yi dariya ya ce ƙaramin abu ne, adafta kawai zan saya.

Talata na koma. Duk wanda ya san hanyar Kubwa da safe ya san abin da zuwa cikin gari ke ci wa mutum. Ya miƙo mini adaftar a leda, ya ce an gama. Na dawo bayan azahar, na jona, komai ya shiga daidai. Na kunna. Baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu da ke yawo a fuskar monitar. Na cire na mayar ya fi sau ashirin. Shaddodin mutane na jibge a gefena, ko zare ɗaya ban ɗora ba. Alhaji mai shaddodin ya kira yana tambayar ina aka kwana, na ce ana kai.

Laraba na ɗauki laftof da monita da adafta gaba ɗaya. Da na ajiye su a kan kantarsa, mutumin nan ya kalli kwamfutata ya fashe da dariya, har ya ƙwala wa maƙwabtansa kira su zo su gani.

"Malam, wannan ai gawa ce! Gawa ka kawo mini ka ce in tayar?"

Na daure na ce to, ga kayansa, ya karɓa kamar yadda ya yi alkawari. Nan take fara'ar ta ɗauke. Ya nuna mini ƙasan rasit, wai an rubuta kayan da aka saya ba a dawowa da su. Ya ce monitarsa lafiyarta ƙalau, laifin kwamfutata ne. Sannan ya sassauta murya, wai don ni ɗan'uwa ne zai taimake ni: in bar masa tsohuwar a matsayin kayan gyara, ya haɗa ni da sabuwa.

In bar masa ita! Aikina na shekara da shekaru! Ban san lokacin da na daki kantar da hannu ba, har kwalayen da ke kai suka zube. Na ɗaga murya yadda ban taɓa yi a bainar jama'a ba. Na ce masa shi maƙaryaci ne, na ce ya ji tsoron Allah. Mutane suka taru, mai gadi ya riƙe mini hannu yana "Oga, a hankali." Da ba a riƙe ni ba, ban san abin da zan aikata ba, kuma har yau ina gode wa Allah da aka riƙe ni.

Cikin masu kallo akwai wata mata mai gyaran kwamfuta, teburinta na ƙarƙashin matakala. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta irin ta kasuwa ce. Ta ɗauki adaftar ta jujjuya, ta ce in biyo ta.

"Oga, kwamfutanka bai mutu ba," in ji ta. "Wannan abu da ya ba ka, hanya ɗaya yake bi. Daga sabon kwamfuta zuwa tsohon monita. Kai naka akasin haka ne. Ko shekara ka yi, ba zai kawo ba."

Ta jawo wata tsohuwar monita marar faɗi da take gwaji da ita, ta ɗaura waya mai shuɗin baki, ta danna maɓalli biyu tare. Sai ga zanen wuyan rigar ango ya fito tar, daidai inda na bar shi ranar Litinin. Sai na zauna a kan benci ina kallonsa.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauko adafta ta gaskiya mai jan wuta, ta gwada da faffaɗar monitar. Hoto ya zo, amma a miƙe, duk da'irar da na zana ta koma kamar ƙwai. Ta ce kwamfutar ba ta da ƙarfin cika wannan faɗin, kuma mai aiki irin nawa ba zai yi da hoton da ke masa ƙarya ba.

Tare muka koma wurin mutumin, ta tambaye shi a gaban jama'a ko bai san haka ba. Amsarsa ce abin da ya fi ƙona mini rai a duk lamarin. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai na sani. Shi ne na ga idonsa na kan babbar." Ashe yana da irin tsofaffin nan a sito, ƙura na cin su. Ya sani tun ranar farko. Ya bar ni ina zirga-zirga tsakanin Kubwa da cikin gari kwana uku, yana kirana ɗan'uwa.

Shugaban 'yan kasuwar wurin ya shiga maganar. Iyakar abin da aka samu, ya karɓi faffaɗar ya ba ni tsohuwa ɗaya daga sito. Sauran kuɗin na bar shi da Allah, don ba ni da sauran lokacin rigima.

Na gama babbar rigar ango da kaftani shida. Ranar Asabar Alhajin ya zo da kansa ya kwashe sauran huɗun ya kai wa wani. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce, "Malam, ban zaci haka daga wurinka ba." Bai sake kawo mini aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na daɗe ina fushi da mutumin nan, amma wani kason fushin da kaina nake. Na amince da shi don yana magana irin tawa, ban nemi ya gwada a gabana ba, na kuma ji nauyin in ce ban gane ba. Tun daga lokacin ba na biyan kuɗin na'ura sai na ga tana aiki da tawa da idona. Abin da ya fi zama mini darasi kuwa a nawa shagon ne. Wanda bai san abu ba in ya tsaya gabanka ya tambaya, amana ya damƙa maka. Yanzu in mutum ya nuna zare mai ƙyalli ya ce shi yake so, ni kuma na san zai zuba a wankin farko, sai in faɗa masa, ko da hakan zai sa ya ɗauki shaddarsa ya tafi.