Famfon Tsakar Gida

Bayan na fita takaba, famfon tsakar gidanmu a Inkil ya fara ɗiga. Na san gyaransa, don ni ce mai miƙa wa marigayi mijina sifana idan yana canza roba. Na ɗauko kayan aikinsa na zauna, gida tsit, 'ya'yana duk suna Kaduna. Sai na mayar da kayan, na kira mai gyara a waya.

Dattijo ne. Ya duba ya ce, "Hajiya, ai ke ma za ki iya wannan."

Na ce, "Na sani, Malam. Gyara dai."

Na dama masa kunu, yana aiki yana ba ni labarin gonarsa ta Zungur. Da ya tafi, na daɗe tsaye a zaure.